Tif da Faci: Tarihin Keke da Masu Gyaransa a Ƙasar Danchadi

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan abin da aka rubuta game da tarihin ƙasar Sakkwato ya ta'allaƙa ne a kan jihadi da sarauta da malanta, kuma hakan daidai ne, domin a kansu aka kafa daular. Sai dai akwai wani ɓangare na tarihin jama'a da ba kasafai ake waiwayarsa ba, wato tarihin ƙananan sana'o'in da suka shigo bayan zuwan Turawa, suka zauna da gindinsu har suka zama namu. Gyaran keke yana daga cikinsu. A wannan maƙala zan ɗauki abu guda daga jikin keke, wato robar nan ta cikin taya mai riƙe iska, wadda muke kira tif, wasu kuma su ce tub, in bi sawunta daga inda aka ƙago ta har zuwa inuwar mai faci a Danchadi da ƙauyukan da ke kewaye da ita.

Na yi aikin koyarwa shekaru masu yawa a makarantun firamare na wannan yanki, kuma bisa keke na yi mafi yawan zirga-zirgata. Abin da na lura da shi, wanda kuma shi ne jigon wannan rubutu, shi ne duk lokacin da tayar mutum ta sace, yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu: ko a yi wa tif faci, ko a sauya shi da sabo. Zaɓin da yawancin jama'a ke yi a kowane zamani yana nuna halin da aljihunsu yake ciki, da halin da ƙasar take ciki gaba ɗaya. Ina fata malaman makaranta za su sami abin koyarwa a nan, dattawa kuma su tuna abin da suka gani da idonsu.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Danchadi tana cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga ta Jihar Sakkwato, kuma tana maƙwabtaka da ƙasar Shagari. Yanki ne mai tsohon tarihi. A Sifawa, cikin wannan ƙaramar hukuma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a shekarar 1815, yayin da ƙanensa Malam Abdullahi yake zaune a Boɗinga. Garin Shagari kuwa shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara aiki a matsayin malamin makaranta, daga baya ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Mutanen yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Kafin zuwan Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, abin hawa bai wuce doki ga masu sarauta da masu hali ba, sai jaki da raƙumi da takarkari domin ɗaukar kaya. Talaka kuwa ƙafarsa ce dokinsa. Ƙauyuka a warwatse suke, kasuwanni kuma suna ci ne rana-rana, yau a wannan gari gobe a wancan. Saboda haka duk abin da zai rage wa mutum nisan hanya ba tare da ya nemi dusa ko harawa ba, dole ya sami karɓuwa.

3.0 Asalin Keke da Tayar Iska

A shekarar 1817, wato shekarar da Shehu ya rasu, wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu, ba feda ba sarƙa, mahayi ne ke tura ƙasa da ƙafafunsa. Daga nan aka yi ta gyare-gyare har zuwa 1885, lokacin da John Kemp Starley na Ingila ya fitar da keke mai ƙafafu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ƙafar baya. Shi ne kakan keken da muka sani. Amma tayarsa ta dunƙulalliyar roba ce, babu iska a ciki, duk dutsen da ta taka sai mahayi ya ji shi a ƙashin bayansa.

Roba kanta ba ta yi amfani sosai ba sai da Charles Goodyear na Amurka ya gano hanyar dafa ta da farar wuta, ya yi rajistar wannan fasaha a 1844. Kafin haka roba takan narke da zafi ta daskare da sanyi. A 1888 ne wani likitan dabbobi ɗan Sikotilan da ke zaune a Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa wa keken ɗansa robar da aka hura wa iska. Daga baya aka gano cewa Robert Thomson ya riga shi wannan tunani tun 1845, amma ta hannun Dunlop abin ya bazu. Matsalar tayar Dunlop ita ce manne ta ake yi a jikin gargare, idan ta huje gyaranta kan ci sa'o'i. A 1891 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Edouard da Andre Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a fiddo tif a gyara a mayar. A shekarar kuma Charles Terront ya lashe tseren keke daga Paris zuwa Brest da komowa a kan irin wannan taya. Ana iya cewa daga wannan shekara aka haifi sana'ar mai faci.

Bukatar roba ta jawo abubuwa masu nauyi a tarihin duniya. A 1876 Henry Wickham ya kwashi irin itacen roba kimanin 70,000 daga Birazil zuwa Ingila, daga cikinsu aka kafa manyan gonakin roba na Malaya. A Kwango kuwa, wadda Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya mallaka daga 1885 zuwa 1908, an tilasta wa jama'a tatsar roba daga daji, aka kashe mutane da yawa, aka yanke hannayen wasu saboda gaza cika mudun da aka ɗora masu. Ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibansa wannan, domin su san cewa sauƙin da wani ya samu a kan hanya wani lokaci da jinin wani aka saye shi.

4.0 Yadda Keke ya Iso Mana

Turawan mulki da ma'aikatansu 'yan kudu da na kamfanoni ne suka fara shigo da keke ƙasar Hausa. Tsofaffinmu kan kira shi basukur, wasu su yi masa kirari da dokin ƙarfe, kafin sunan keke ya rinjaya. Hanyar da kaya ke bi ita ce ta jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, reshensa kuma ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaurar Namoda a 1929. Dogo bai iso Sakkwato ba. Don haka keke da tayarsa da tif ɗinsa sai an sauke su a Gusau, a ɗora wa babbar mota ta yi tafiyar kimanin kilomita 200 zuwa Sakkwato, daga kantunan Sakkwato kuma ɗan kasuwa ya saro ya kawo kasuwannin ƙauye. Kowane zango da ribar da ake ɗorawa. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa sabon tif ya zama abu mai daraja a Danchadi fiye da yadda yake a Kano ko Zariya.

Kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929, da takwarorinsa irin su John Holt su ne manyan masu shigo da kaya. Keken da ya fi suna shi ne Raleigh na birnin Nottingham, wanda muke kira Rali, sai Hercules da Phillips. Baƙin keke ne mai nauyi, mai taya inci 28, da birkin ƙarfe, da kariya mai ɗaukar buhu. Waɗanda suka fara mallakarsa a karkara ma'aikatan En'e ne: malaman makaranta, malaman haraji, malaman gona, duba-gari da masinjoji, domin hukuma takan ba su bashin sayensa a riƙa cirewa daga albashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da suka komo daga Burma da kuɗin sallama a hannu suka ƙara yawan masu keke, haka ma manoman da suka sami kuɗin gyaɗa da auduga. A lokacin har lasin ake yanka wa keke, a ɗaura masa 'yar lamba, wanda aka kama ba shi da ita ya sha tara. Ga samari kuma sai ga keken haya, a biya kuɗi a hau na ɗan lokaci, kuma a bisa irinsa yawancinmu muka koyi tuƙi.

5.0 Ƙaya da Zafi

Wanda ya ƙera Rali ya yi shi ne da hanyoyin Ingila a ransa. Ƙasarmu kuwa ƙasar ƙaya ce. Bagaruwa da muke jima da ita, da aduwa da magarya da farar ƙaya, duk suna zubar da makamansu a kan turba, manomi kuma da su yake shinge gonarsa da rani, iska ta kwaso ta watsa a hanya. Mafi sharri a cikinsu tsidau ne, wanda ke shimfiɗe a ƙasa, 'ya'yansa ko ta ina suka faɗi akwai tsinin da ke kallon sama. Su kansu Turawa sunan da suka ba shi yana nufin ciyawa mai huda taya. Bayan kaka, lokacin da tsidau ya bushe, mai faci ba ya rasa aiki.

Na biyu shi ne zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40. Iskar da ke cikin tif tana kumbura da zafi, shi ya sa keken da aka cika wa iska da safe aka bar shi a rana yakan fashe da azahar ba wanda ya taɓa shi. Zafin yana kuma tsofar da roba, yana sassauta tsohon faci. Na uku shi ne lodi. An yi keke domin mutum guda, mu kuwa muna ɗora masa buhun gero da jarkokin ruwa da itace, wani lokaci da maras lafiya zuwa asibiti. Idan iska ta yi ƙaranci ga lodi mai nauyi, aka daki dutse ko bakin rami, gargare kan datse tif ya bar huda biyu a jere. Mai faci da ya san aikinsa da ganinsu zai ce wa mai keke: ba ƙaya ba ce, iska ce ba ka sa ba.

6.0 Aikin Mai Faci

Kayan aikin mai faci ba su da yawa: famfo, kwanon ruwa, almakashi, sifana, liba biyu ko uku waɗanda sau da yawa maƙerin gari ne ya ƙera su, gwangwanin sholisho, abin kankare roba, da tarin tsofaffin tif a rataye a reshen bishiya, waɗanda su ne allon tallarsa. Kamar sauran sana'o'inmu, yaro kan zauna ne wurin maigidansa yana buga famfo da ɗebo ruwa, har a yarda ya riƙe liba.

6.1 Yin Faci

Akan kifar da keke a kan sirdi da kansa, a kwance bawul iska ta fita, a sa liba a ɗaga leɓen taya ɗaya ya fito bayan gargare, sannan a zaro tif. Ba a cire ƙafar keken. Sai a ɗan buga iska a riƙa tsoma tif cikin ruwa kaɗan-kaɗan har inda kumfa zai taso, a soka tsinke a wurin don kada ya ɓace. A goge, a bari ya bushe, a kankare wurin har ya yi kaushi. A yanko 'yar roba daga tsohon tif, ita ma a kankare ta, a shafa sholisho a duka biyun. A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan yi gaggawar mannawa tun sholisho yana da danshi, gwani kuwa sai ya bari ya sha iska har ya daina kama yatsa sosai, domin ruwan da aka narka robar a cikinsa dole ya tashi kafin robobin biyu su kama juna. Sannan a manna a danne a bubbuga.

Kafin a mayar da tif wajibi ne a zagaya cikin tayar da yatsu a hankali, domin ƙayar da ta yi ɓarnar takan maƙale a ciki tana jiran sabon faci. Haka kuma a duba robar da aka shimfiɗa a cikin gargare don rufe kawunan wayoyi, wadda a wurinmu da tsohon tif ake yanka ta.

6.2 Sauya Tif

Sauya tif aiki ne dabam, domin tif zobe ne, ba ya fita sai an cire ƙafar keken baki ɗaya. Ƙafar gaba da sauƙi: noti biyu, a sassauta birki, ta fito. Ƙafar baya ta tsohon Rali kuwa wahala ce, ga shi ita ta fi hujewa domin ita ke ɗauke da nauyi. A kan ƙarfen tsakiyarta aka ɗaure ƙafafun kariya da na marfin taya da abin jan sarƙa, wani keken ma da murfin da ya lulluɓe sarƙar duka. Sai an kwance waɗannan ɗaya bayan ɗaya, bayan an gama kuma a mayar da kowanne mazauninsa, a daidaita sarƙa kada ta yi sako-sako ko ta ɗame, a saita birki. Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa faci ya rinjayi sauyi a wurinmu: ginin keken da kansa ya sa faci ya fi sauƙi.

Wajen sa sabon tif, ana fara duba lambar da ke jikin taya, ko 28 ce ko 26 ko 24, domin ƙaramin tif a babbar taya zai miƙe ya yi siriri, babba a ƙarama kuma zai naɗe ya tsage. A hura masa 'yar iska ya yi siffa, a fara zura bawul a raminsa a tsaye, sannan a cusa sauran a kewaye ba tare da murɗewa ba. Leɓen taya da tafin hannu ake mayar da shi. Wanda ya dogara da liba a wannan mataki yakan datse sabon tif ya huda shi tun bai taka ƙasa ba. A buga iska rabi, a duba ko'ina ko taya ta zauna daidai, sannan a cika.

Bawul ma yana da tarihinsa. Na tsofaffin kekuna, wanda C. H. Woods ya ƙago a 1891, yana da wata 'yar siririyar roba a ciki, idan ta ruɓe sai iska ta riƙa zurarewa alhali tif lafiya lau yake. Mai gaskiya a cikin masu faci zai shafa yawu a bakin bawul, in ya ga kumfa ya sauya robar da kuɗi kaɗan. Daga baya bawul irin na mota da babur ya yawaita, wanda ya ba mai keke damar shan iska a injin mai facin mota.

Akwai halaye huɗu da masu sana'ar suka yarda faci ba ya magani: idan tif ya yage a gindin bawul, idan ya tsage a tsaye da tsawo, idan robar ta ruɓe tana tsattsagewa in an ja ta, sai kuma idan huda ta faɗo a gefen tsohon faci. Duk da haka na ga tsofaffin gwanaye suna kwance bawul su mayar da shi wani wuri su toshe tsohon ramin, na kuma ga an yanke ruɓaɓɓen sashe an haɗa baki da baki. Na taɓa kai wa wani dattijo tif mai faci goma sha ɗaya, na ce, "Baba, a ƙara masa ɗaya." Ya juya shi ya duba, ya ce, "Malam, wannan ai ya biya bashinsa. In na karɓi kuɗinka a kansa na ci haram, don ba zai kai ka makaranta gobe ba."

7.0 Tif a Matsayin Ma'aunin Zamani

Zamani na farko shi ne na yaƙi. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda mafi yawan robar Ingila ke fitowa. Roba ta yi ƙaranci a duk ƙasashen da Ingila ke mulka, har aka koma tatsar ta daji a kudancin Nijeriya. Ƙarancin ne ya hanzarta yin robar masana'anta. Wadda ake kira butil, da William Sparks da Robert Thomas suka haɗa a Amurka a 1937, ta fi ta itace riƙe iska nesa ba kusa ba, kuma da ita ake yin baƙin tif da muka sani. Dattawa na tuna jan tif na da, mai laushi da miƙewa, wanda ke karɓar faci da kyau amma yake son famfo kusan kullum.

Zamani na biyu shi ne na wadata, daga samun 'yancin kai a 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin Michelin ya kafa masana'antar taya a Fatakwal, Dunlop ya kafa a Ikeja, attajirin nan Adeola Odutola yana yin taya da tif na keke a Ijebu-Ode, sannan aka riƙa harhaɗa Rali a Kano. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1970, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, kowace da malamanta masu keke. A waɗannan shekaru ne malami kan sayi sabon tif bayan faci biyu ko uku ba tare da ya yi dogon lissafi ba, wasu ma suka sayar da keken suka hau babur.

Zamani na uku ya fara da faɗuwar farashin mai. A 1982 gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP. Dalar da ba ta kai Naira ɗaya ba a 1985 ta kai kimanin Naira huɗu a 1987. Kayan keke suka yi tsada, albashi ya daina isa. A wannan lokaci na ga tif mai faci bisa faci, na ga an ɗinke yagaggiyar taya da zare an sa mata ƙyalle daga ciki, na kuma ga wanda ya cusa tsumma a taya domin dai ya isa gida. Rali ya fi ƙarfin talaka, kekunan Sin irin su Phoenix da na Indiya irin su Hero da Avon suka maye gurbinsa. Masu faci ba su taɓa samun aiki kamar na wannan zamani ba, ko da yake kuɗin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba.

Zamani na huɗu shi ne na babur mai araha daga Sin da Indiya, tun daga farkon shekarun 2000. Kabu-kabu ya shiga kowane lungu. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, aka mayar da maganarsa abin dariya. Kamfanin Raleigh ya daina ƙera keke a Nottingham a 2002, Michelin ya rufe masana'antarsa ta Nijeriya a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008. Ƙasar da ke da itacen roba a Edo da Delta da Kuros Riba, har da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, ta koma dogaro da tayar waje. Yaran masu gyaran keke suka koma gyaran babur, keke ya zama na 'yan makaranta da tsofaffi da masu tallar ƙauye.

Sai kuma ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta kai kimanin Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta kai wajen Naira 1,000. Mutane da yawa suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon keke. Suka tarar tif na waje ne, kuɗinsa yana bin dala wadda ta haura Naira 1,500 a 2024, tsofaffin gwanayen faci kuma da yawa sun kwanta dama.

8.0 Bayan Tif ya Gama Aiki

Bahaushe bai san yar da roba ba. Tif ɗin da ya ƙi faci akan tsaga shi ya zama igiyar ɗaure kaya a kariya, wadda ta fi ta kaba riƙo domin tana ɗamewa. Da shi masu lambu ke ɗaure mahaɗar tiyo a fadama, da shi ake naɗe ƙotar da ta tsage, yara kuma su yi danƙon harbin tsuntsu. Babban tif na mota shi ya zama gugan roba da ya kori na fata a bakin rijiyoyinmu, tsohuwar taya kuma ta zama takalmin da ƙaya ba ta hudawa.

Akwai kuma abin baƙin ciki da ya biyo ta wannan hanya. Sholishon da aka kawo domin faci ya zama abin shaƙa ga wasu yara da matasa, yana taɓa masu ƙwaƙwalwa. Hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana yaƙi da shaye-shaye, amma mai faci da mai kanti da malamin aji sun fi kowa kusa da yaron, su ya kamata su fara lura da wanda ke sayen gwangwani alhali ba shi da keke.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda tif ya taso daga Belfast da Faransa, ya biyo jirgin ƙasa zuwa Gusau, ya iso Danchadi da tsada, ya tarar da ƙaya da zafi da lodi, har waɗannan suka haifar da sana'a mai ƙa'idojinta. An kuma ga cewa yawan facin da ke jikin tif yana tafiya ne tare da darajar Naira da rayuwar masana'antunmu.

Ina da shawara biyu. Ta farko ga malamai: yaron da ke zuwa makarantar sakandare daga ƙauye mai nisa, tif guda ne tsakaninsa da aji, kuma na sha ganin wanda ya yi mako a gida saboda kuɗin faci. Koya wa 'yan aji biyar da shida yin faci da sauya tif ba ya bukatar fiye da famfo da kwano da tsohuwar ƙafar keke, kuma a cikinsa akwai darasin kimiyya a kan iska da zafi, da na tarihi, da na lissafi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke tun 2018, ana iya amfani da ita domin wannan. Ta biyu ga dattawa da hukuma: a zauna da sauran tsofaffin masu gyaran keke na Danchadi da Boɗinga da Sifawa da Dingyaɗi da Shagari, a ɗauki bayaninsu a rubuce, wa ya koya masu, daga ina suke saro kaya, nawa ake biyansu a zamanin sule da sisi. A kuma nemi tsohon Rali guda da lambar lasin ɗinsa da kayan aikin mai faci a ajiye a gidan tarihi, kusa da sirdi da linzami, domin shi ma ya ɗauki jama'ar ƙasar nan shekaru masu yawa.